Gidan Tsufa: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

A ranar 1 ga Janairun 1960 wani ɗan kasuwa mai suna Del Webb ya buɗe garin Sun City a jihar Arizona ta Amurka, gari sukutum domin waɗanda suka ajiye aiki. Mutum ya sayar da babban gidan da ya raini 'ya'yansa a ciki, ya sayi ɗan madaidaici kusa da filin wasa da likita, ya zauna cikin tsararrakinsa. Yawancin irin waɗannan garuruwa sai mai shekara 55 zuwa sama suke karɓa, jikoki kuwa sai dai su kawo ziyara su koma.

Wannan sharaɗi na ƙarshe kaɗai ya isa ya sa dattijon Maiduguri ya kaɗa kai. Wane irin hutu ne babu kukan jika? To amma tambayar da ta haifi Sun City tana nan a unguwannin Bolori da Polo da Bulumkutu: idan albashi ya tsaya, wa zai riƙe babban gida?

Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne da ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Ranar da ya miƙa makullin ofis, kuɗin shiga ya ragu, garatuti kuma kan ɗauki lokaci kafin ya fito. Gida bai san da wannan ba. Rufi zai yi yoyo da damina, famfon bohol zai ƙone, a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40 kowane ɗaki yana neman fanka. Mutanen gari ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka rusa turakun wuta a hanyar Damaturu, aka shafe watanni a duhu. Mai ɗaki uku ya lallaɓa da ƙaramin sola, mai ɗaki goma ya ƙare a sayen man janareta.

Sai dai a nan babban gida ba kasafai yake zama fanko ba. Tun da rikici ya koro mutane daga Bama da Gwoza da sauran garuruwa, gidajen 'yan uwa ne suka ɗauki mafi yawansu. Ga 'yar da aurenta ya mutu, ga marayu. Wanda gidansa ke cike haka, ba shi ake wa magana ba. Magana tana kan wanda 'ya'yansa suka watse Abuja da Kano, shi da uwargida suna gadin ɗakunan da ƙura ta cinye, saboda tsoron kada a ce Alhaji ya karye.

Ko shi ma ba lallai ya sayar ba. Ja katanga a tsakiya, a buɗe ƙofa ta biyu, a zuba 'yan haya a ɓangare guda, ya fi sauƙi, kuma yana barin mutum a sahun masallacinsa da majalisarsa. A ganina wannan ya fi komai nauyi, domin maƙwabcin shekara talatin ne zai lura idan ba a gan ka a sallar asuba ba.

Wanda ya zaɓi ƙaura zuwa rukunin gidaje irin su 202 ko 777, ko wata sabuwar unguwa, ya auna nisansa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya guji bene saboda gwiwa, ya tantance takardu a hukumar filaye ta BOGIS kafin ya biya ko sisi. Ya kuma tambayi tsofaffin unguwar inda ruwa ya tsaya a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ta shafe Gwange da Fori har Kasuwar Monday.

Ragowar kuɗin sayar da gidan ne yake yawan haddasa rigima. Muddin mai gida yana raye dukiyarsa ce, gado bai faɗo ba tukuna. In zai yi wa wani ɗa kyauta daga ciki, ya yi adalci tsakanin 'ya'yan, ya damƙa a gaban shaidu, a rubuta.