Hoton Shaidar Biya Ba Kuɗi Ba Ne: Hattara da 'Yan Damfarar Waya

Ya ku 'yan kasuwa da iyalai na Gadarif, tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a hannun jama'a. A watan Disamba na 2024 kuma, da aka canza takardun fam 500 da fam 1,000, an buƙaci mutane su zuba tsofaffin kuɗinsu a asusun banki. Yau mai riɗi da mai dawa, mai shayi da mai kantin magani, da yawa ta waya ake biyansu, galibi ta Bankak na Bankin Khartoum, wasu ta Fawry ko O-Cash. Inda kuɗi suka koma, can ɓarawo yake bin su. Mu ma'aikatan lafiya abin ya dame mu, domin kuɗin da aka sace sau da yawa na maganin hawan jini ne, ko na allurar mai ciwon suga, ko na motar kai mai naƙuda asibiti.

Shaidar biya ta jabu

Wannan ce ta fi addabar 'yan kasuwa. Idan mutum ya tura kuɗi, manhaja takan nuna masa shaida, wadda muke kira ish'ar, ɗauke da suna da adadi da lambar ciniki. Macuci yakan ɗauki hoton tsohuwar shaida ya sauya suna da adadi da kwanan wata, ko ya yi amfani da manhajar bogi mai kama da ta gaske. Sai ya zo lokacin cunkoso, ya nuna maka fuskar wayarsa, ya ce layi ba shi da kyau amma kuɗin suna tafe, ya ɗauki kaya ya wuce. Abin da ke wayarsa hoto ne kawai. Buɗe naka asusun, ka ga kuɗin sun shiga, ka daidaita adadi da lambar ciniki, sannan ka saki kaya. Idan layi ya ɗauke, kaya su jira. Mai saye na gaskiya ba ya fushi da wannan.

Sauran dabarunsu

Wani zai kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka sai ka karanta masa lambar da ta shigo wayarka. Wannan lambar mabuɗin asusunka ce, kuma banki ba ya tambayar ta ta waya.

Wani zai sace WhatsApp ko Facebook na ɗan'uwanka ya rubuto cewa yana kwance a asibiti, a turo kuɗin tiyata yanzu. Kira shi ka ji muryarsa, ko ka tambayi wani na gida, kafin ka tura ko fam ɗaya.

Wani zai ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ka mayar masa. Duba asusunka tukuna. Idan da gaske sun shigo, a mayar ta hannun banki.

Wani zai ce ƙungiyar agaji ce ta aiko shi, a biya kuɗin rajista domin samun abinci ko magani. Taimakon agaji kyauta ne, rajistarsa ma kyauta ce.

Dukkansu da abu biyu suke aiki, gaggawa da tsoro. Duk wanda ya hana ka lokacin tunani, ka yi shakkarsa.

Rigakafi ya fi magani

Lambar sirrinka kada ta wuce kai kaɗai, kuma kada ta zama shekarar haihuwarka. Kada ka miƙa wa baƙo wayarka a buɗe, ko da wurin musayar kuɗin waya da tsaba ne. Kafin ka tura, karanta lambar asusu da sunan mai karɓa sau biyu. Dattawa da waɗanda ba sa karatu su zaɓi mutum ɗaya amintacce a cikin iyali da zai riƙa taimaka musu.

Idan abin ya faru

Canza lambar sirri nan take. Kada ka goge komai: adana saƙonni, da lambar wayar da ta kira, da lambar ciniki, da lokacin da abin ya faru. Je reshen bankinka a ranar ka nemi a toshe asusunka idan an shiga cikinsa, kuma a bi sawun kuɗin, domin macuci ba ya barin su su kwana wuri ɗaya. Sannan ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin mai gabatar da ƙara. Sudan tana da dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2018, wadda aka yi wa gyara a 2020. Ka sanar da shugaban kasuwa da maƙwabtan rumfarka, don wanda ya cuce ka gobe yana layi na gaba.

Kada kunya ta sa ka yi shiru. Kuma idan kuɗin magani ne suka tafi, kada majiyyaci ya daina shan maganinsa: zo cibiyar lafiya mafi kusa ka faɗa mana, a nemi mafita tare. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu.