Gwanjon Kayan Gini da Gidajen Masu Ƙaramin Ƙarfi a Amurka

A shekarar 1991 ƙungiyar Habitat for Humanity ta buɗe wani shago a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, ta sa masa suna ReStore. Hajarsa ita ce abin da magina suka saba zubarwa: tsofaffin ƙofofi, tagogi, katako, tayil da ragowar fenti. Shekara na zagayowa aka buɗe irinsa a Austin ta jihar Texas. Yau shagunan sun kai ɗaruruwa.

Sayar da kayan ake yi da araha, kuɗin ya shiga asusun gina gidaje. Iyalin da rabo ya faɗa wa kuma ba zaune za su karɓi mukulli ba. Sai sun zuba guminsu a wurin aikin, sannan su riƙa biyan kuɗin gidan kaɗan-kaɗan.

Me ke sa mutane kawo kayan? Tausayi na ciki, amma lissafin aljihu ya fi ƙarfi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 ɓaraguzan gini sun kai tan miliyan 600, fiye da ninki biyu na sharar gari, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari daga rusau suka fito. Juji a can ba kyauta ba ne, kowace mota sai an biya. Ɗan kwangilar da ya miƙa kayan ga ƙungiyar agaji ya huta da wannan kuɗi, mai gida kuma yana iya samun rangwamen haraji.

Doka ma ta sa hannu. A 2016 birnin Portland na jihar Oregon ya wajabta kwance gidajen da aka gina daga 1916 zuwa baya da hannu, maimakon a sa katafila ta murƙushe su. A 2020 aka faɗaɗa dokar zuwa 1940. Ma'aikaci zai ɓamɓare katakon daɓe ɗaya bayan ɗaya, ya zare ƙusoshi, ya jera shi gefe. Irin wannan katako na tsofaffin itatuwa ne, kafintoci rububinsa suke yi.

Aikin yana da nauyinsa. Gidan da katafila za ta kayar a yini ɗaya ko biyu, kwance shi kan ci mako ko fiye, ga ladan lebura. Gidajen da suka girmi 1978 sau da yawa fentinsu na da dalma mai guba, dole a tantance kafin a sayar.

Riba dai a bayyane take: shara ta ragu, mai ƙaramin ƙarfi ya gyara ɗakinsa da sauƙi, matasa sun koyi sana'a. Sai dai tsadar fili da ta ƙwadago su ne ke hana talaka muhalli, kuma cinikin gwanjo bai taɓa su ba. Shagunan sun cancanci yabo, amma ƙarancin gidaje ya fi ƙarfinsu muddin hukuma ba ta sauƙaƙa samun fili ba.