Yadda ake zaɓen Mataimakin Shugaban Ƙasa da abin da ya kamata mai zaɓe ya duba

Duk lokacin da jam'iyyu suka kammala zaɓen fitar da gwani, hankalin 'yan Najeriya kan koma kan tambaya ɗaya: wa ɗan takara zai ɗauka a matsayin mataimaki? Muhawarar da ke biyo baya takan tsaya a kan yanki da addini, har a manta cewa mutumin da ake magana a kansa zai iya wayar gari yana riƙe da ragamar ƙasa, kamar yadda ya faru a 2010.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 142 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce takarar shugaban ƙasa ba ta cika sai ɗan takara ya gabatar da abokin takara daga jam'iyyarsa. Ba a kaɗa wa mataimaki ƙuri'a shi kaɗai, nasarar ɗan takara ita ce tasa.

Sharuɗɗan da doka ta gindaya wa shugaban ƙasa su ne dai ta gindaya wa mataimakinsa. Sashe na 131 ya lissafa huɗu: ya zama haifaffen ɗan Najeriya, ya kai shekara 35, ya kasance ɗan jam'iyyar da ta tsayar da shi, kuma ya yi karatu aƙalla zuwa matakin shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta. A da shekara 40 ne ƙa'ida, sai gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayun 2018 ya rage ta.

Sashe na 137 kuma ya kawo abubuwan da ke hana mutum tsayawa, ciki har da zama ɗan ƙungiyar asiri, gabatar wa Hukumar Zaɓe ta Ƙasa (INEC) takardar shaida ta jabu, da rashin ajiye aikin gwamnati aƙalla kwana 30 kafin zaɓe.

Kuskure a takardun mataimaki na iya rusa takarar baki ɗaya. A ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsuwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon na APC a zaɓen Gwamnan Bayelsa saboda matsalar da ta samu a takardun abokin takararsa, Biobarakuma Degi-Eremienyo. Washegari Douye Diri na PDP aka rantsar. Duk da cewa hukuncin na kujerar gwamna ne, takarar shugaban ƙasa ma a kan wannan tsari na haɗin gwiwa take.

Lissafin da 'yan siyasa ke yi

Ɗan takara ba ya cin zaɓe da yawan ƙuri'u kaɗai. Sashe na 134 ya wajabta masa samun aƙalla kashi 25 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar. Wannan ne ya sa ɗan Arewa ke neman mataimaki daga Kudu, ɗan Kudu kuma ya nemo daga Arewa. Tun daga Alhaji Shehu Shagari da Dokta Alex Ekwueme a 1979 manyan jam'iyyu ke bin wannan hanya: Obasanjo da Atiku Abubakar a 1999, Umaru Musa 'Yar'Aduwa da Goodluck Jonathan a 2007, Buhari da Yemi Osinbajo a 2015.

Raba takara tsakanin Musulmi da Kirista kuwa al'ada ce ta siyasa, tsarin mulki bai shardanta ta ba. An kauce mata a zaɓen 12 ga Yunin 1993, inda MKO Abiola ya tsaya da Babagana Kingibe a SDP, sannan a 2023 da Bola Tinubu ya ɗauki Kashim Shettima, matakin da ya jawo zazzafar muhawara, musamman daga Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya (CAN).

Bayan yanki da addini, ana duba ƙarfin mutum a jiharsa, dangantakarsa da gwamnoni, da abin da zai iya kawowa na kuɗin yaƙin neman zaɓe. Sai dai lissafin ba koyaushe yake fita ba. A 2023 Atiku ya ɗauki Gwamnan Delta na lokacin, Ifeanyi Okowa, amma Peter Obi ne ya lashe jihar. Shi kuma Obi ya ɗauki Yusuf Datti Baba-Ahmed, ɗan Zariya, amma Atiku ne ya ci Kaduna. Bugu da ƙari, tsallake Nyesom Wike da aka yi a wannan zaɓi na cikin abubuwan da suka rura rikicin PDP, har gwamnoninta biyar suka juya wa takarar Atiku baya.

Wani lokacin ma sunan farko da ake miƙa wa INEC na riƙon wuri ne kawai, domin kada wa'adi ya wuce. Haka Tinubu ya yi da Kabir Ibrahim Masari, Obi kuma da Doyin Okupe, kafin su janye a maye gurbinsu.

Me mataimaki ke yi a ofis?

A bakin jama'a ana kiran mataimaki "safayar taya". Maganar na da ƙamshin gaskiya, domin Sashe na 148 ya bar wa shugaban ƙasa ikon ba shi aikin da ya ga dama. Amma akwai ayyukan da tsarin mulki da kansa ya ɗora masa. Shi ne shugaban Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda ta ƙunshi gwamnoni 36 da Gwamnan Babban Bankin Najeriya. Shi ne kuma mataimakin shugaba a Majalisar Ƙoli ta Ƙasa da Majalisar Tsaro ta Ƙasa.

Ga ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A zaman Majalisar Tattalin Arziki ne gwamnoni da Gwamnatin Tarayya ke tattauna batutuwa irin su kuɗin shiga, bashin jihohi da tallafin rage raɗaɗi. Majalisar shawara kawai take bayarwa, amma shawarar kan isa kasuwar Kwari da sakatariyar jiha ta hanyar farashi da albashi.

Darasin 2010

Babban aikin mataimaki shi ne wanda Sashe na 146 ya ambata: ya gaji kujerar idan shugaba ya rasu, ya yi murabus, ko aka tsige shi. A ranar 23 ga Nuwamban 2009 Shugaba 'Yar'Aduwa ya tafi jinya Saudiyya ba tare da aike wa Majalisar Dokoki takardar miƙa mulki ba. Ƙasar ta shafe fiye da wata biyu cikin ruɗani, har sai da Majalisar ta ayyana Jonathan a matsayin muƙaddashi a ranar 9 ga Fabrairun 2010. Bayan rasuwar 'Yar'Aduwa a ranar 5 ga Mayu, aka rantsar da shi washegari, shi kuma ya ɗauko Gwamnan Kaduna, Namadi Sambo, ya zama mataimakinsa da amincewar Majalisa. Wannan dambarwa ce ta sa aka gyara Sashe na 145, ta yadda idan shugaba ya yi kwana 21 bai miƙa takarda ba, Majalisa za ta iya ba mataimaki riƙon ƙwarya.

Osinbajo ma ya riƙe ƙasar fiye da kwana 100 a 2017 lokacin da Buhari ke jinya a Landan, kuma a wani riƙon da ya yi a watan Agustan 2018 ne ya sallami shugaban Hukumar Tsaro ta Farin Kaya, Lawal Daura.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. Shugaba ba shi da ikon korar mataimakinsa. Da rikicin Obasanjo da Atiku ya yi tsami har Atiku ya koma jam'iyyar AC, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2007 cewa shugaban ƙasa ba zai iya raba shi da kujerarsa ba. Tsigewa aikin Majalisa ne. Ke nan wanda aka ɗauka don dabarar cin zaɓe kawai, da shi za a zauna shekara huɗu ko ana shiri ko ba a yi.

Ma'aunin mai zaɓe

Sharuɗɗan doka su ne mafi ƙarancin abin da ake nema, cancanta ta wuce nan. Wanda ya taɓa yin gwamna, ana iya duba yadda ya biya albashi da fansho, bashin da ya bar wa jiharsa, da ayyukan da ya kammala. Wanda ya fito daga majalisa, a duba ƙudurorin da ya gabatar da matsayinsa a kan manyan batutuwa. Wanda ya zo daga harkar kasuwanci ko jami'a, a tambaya ko ya taɓa jagorantar jama'a masu bambancin ra'ayi.

Haka nan akwai batun lafiya da shekaru, musamman idan ɗan takarar shugaban ƙasar dattijo ne, da batun ko mutanen biyu sun san juna kafin siyasa ta haɗa su, ko kuwa iyayen gida ne suka ƙulla tafiyar. INEC takan wallafa bayanan da 'yan takara suka cika da takardun karatunsu, don haka mai son dubawa yana da inda zai fara.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Zaɓen abokin takara shi ne babban hukunci na farko da mai neman shugabanci ke yankewa a idon jama'a, kuma daga shi ake hasashen irin ministoci da mashawartan da zai naɗa. A ranar zaɓe tambarin jam'iyya kaɗai mai zaɓe zai gani a takardar ƙuri'a, amma yatsan da ya dangwala mutum biyu ya zaɓa, kuma kowanne daga cikinsu na iya zama shugabansa kafin wa'adin ya ƙare.