Ciwon damuwa: Wa za a gani, kuma a ina?

Mutum ya shafe mako biyu ba barcin kirki, abinci ba ya shiga, komai ya fita masa a rai. A gida sai a ce ya yi haƙuri. Alhali wannan na iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani.

Masu duba shi iri biyu ne: likitan ƙwaƙwalwa, mai rubuta magani, da masanin halayyar ɗan Adam, mai warkarwa ta hanyar tattaunawa. Ana samun su a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware a Sakkwato.

Tsoron a ce "ya haukace" ne ke hana da dama zuwa. Amma wanda ya fara maganar kashe kansa, a garzaya da shi asibiti nan take.