Wayar da Kan Jama'a Game da Kariya da Lafiya a Wuraren Aiki

A ranar 28 ga watan Afrilun kowace shekara ake bikin Ranar Kariya da Lafiya a Wurin Aiki, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fara gudanarwa a shekarar 2003. A nan Nijeriya ma ana yin taruka da jawabai a wannan rana, sai dai ya kamata mu tambayi kanmu ko su wane ne saƙon yake isa gare su.

Ta fuskar doka ba a bar mu a baya ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya yi rajista, ya killace injuna masu haɗari, ya tanadi hanyar fita idan gobara ta tashi, kuma ya kai rahoton duk hatsarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku. Duk da haka, a watan Satumban 2002 gobara ta hallaka ma'aikata da dama a wata masana'antar roba da ke Ikorodu a Jihar Legas, inda rahotanni suka nuna an kulle musu ƙofofi a lokacin aikin dare.

Wannan a masana'anta ke nan, inda jami'an Ma'aikatar Ƙwadago suke da ikon shiga su duba. Mafi yawan al'ummarmu kuwa suna neman abinci ne a garejin makanikai da shagon walda da majema da gona da ramin haƙar ma'adinai, wuraren da ba safai jami'in bincike yake leƙawa ba. Faɗakarwa ce kaɗai take iya isa irin waɗannan wurare.

Abin da ya auku a Jihar Zamfara a shekarar 2010 ya ishe mu misali. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, masu neman zinariya suna kai duwatsu cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ba tare da sanin cewa duwatsun suna ɗauke da dalma mai yawa ba. Ƙurar ta bi ɗakuna da tsakar gida da abinci, har yara fiye da 400 suka rasu. Bayan maganin da likitocin ƙungiyar MSF suka bayar da kwashe gurɓatacciyar ƙasa, abin da aka dage a kai shi ne koyarwa: a fitar da niƙa daga cikin gari, a riƙa jiƙa dutse domin ƙura ta kwanta, mahaƙi ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga cikin iyalinsa. Mafi yawan waɗannan matakai ba sa cin wani kuɗin kirki, rashin sani ne ya hana a ɗauke su tun farko.

A ganinmu, taron otal da fosta cikin Turanci ba za su wadatar ba. Mai walda da ke kare idonsa da baƙin tabarau na kasuwa, da manomin da ke feshin maganin kwari ba safar hannu ba takunkumi, sun fi jin maganar ogansu da shugaban ƙungiyar sana'arsu da hakimi da limami, sai kuma rediyo. Ta hannun waɗannan ya dace a bi, musamman oga, domin a wurinsa yaron shago yake koyon aiki da kuma sakaci idan akwai.

Wajibi ne kuma faɗakarwa ta haɗa da haƙƙin wanda ya riga ya ji rauni. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya ga asusun da hukumar NSITF take kula da shi, kuma an hana shi cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni zai sanar da shugaban wurin aikinsa cikin kwana 14, ya kuma shigar da takardar neman diyya kafin shekara ta cika.