Kuɗin Haya: Ina Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Sami Agaji?

A filinmu na yau za mu tattauna ne a kan abin da ke hana gidaje da yawa barci, watau kuɗin haya. Ke uwargida kin fi kowa sanin yadda fuskar maigida ke sauyawa idan shekara ta zagayo, dillali ya yi sallama da saƙon cewa an yi ƙari. Daga ranar nan cefane zai fara raguwa, nama ya ɓace daga miya, wani lokaci ma har kuɗin makarantar yara ya shiga ciki.

Wannan kuka ba yau aka fara shi ba. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 haya ta yi tashin gwauron zabo a birane, har a 1976 gwamnatin soja ta sa jihohi suka kafa kotunan haya domin ƙayyade abin da masu gidaje za su karɓa. Dokar ba ta yi tasiri sosai ba, domin masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa, kuma wanda ya matsu ba ya kai ƙara. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta 1979 zuwa 1983 ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, amma an kai da yawansu bayan gari inda babu ruwa babu mota. A 1992 kuma aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, sai dai tun farko an tsara rancensa ne domin saye ko gini.

To, yanzu fa? A cikin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, domin ta fara aiki daga Janairu 2026, an yi wa 'yan haya rangwame. Za a cire kashi 20 cikin ɗari na hayar da mutum ya biya a shekara, muddin bai wuce Naira 500,000 ba, daga kuɗin da za a lissafa masa haraji a kai. Ki lura da kyau, ba kuɗi za a miƙo muku ba. Idan hayarku Naira 300,000 ce, za a cire 60,000 daga lissafin, kuma ga ƙaramin ma'aikacin da harajinsa ke kan kashi 15 cikin ɗari, abin da zai rage masa a aljihu Naira 9,000 ne a shekara. Ba yawa, amma ya sayi sabulu da littattafan yara. Sai dai lalle a nuna shaidar biya, saboda haka kada ku ƙara ba da kuɗin haya ba tare da rasit ba, ko da mai gidan kawun maigida ne. Ke 'yar makaranta, ga aikinki nan: ki karanta wa iyayenki takardun, ki duba kwanan wata da sa hannu, ki adana su a wuri guda.

Abin takaicin shi ne, wanda samunsa bai wuce Naira 800,000 a shekara ba, dama an ɗauke masa haraji, don haka wannan rangwame bai shafe shi ba. Mai tura baro da bazawara mai sayar da ƙosai, waɗanda su ne haya ta fi shaƙewa, sai su nemi wata ƙofar. Ƙofa ɗaya ita ce zakka. Talaka da miskini da wanda bashi ya yi wa katutu duk suna cikin waɗanda shari'a ta ba su haƙƙi a cikinta, kuma jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka. Ba bara ba ce, ba kuma abin kunya ba ne ki je wurin limami ko mai unguwa ya gabatar da ke.

Muhalli dai haƙƙi ne a kan miji, wannan babu gardama. Amma macen da ke da 'yar sana'a, in ta shiga adashi ta roƙi uwar adashi a sa kwasarta ta faɗo wata guda kafin haya ta cika, ta taimaki kanta da 'ya'yanta. Ki dai tabbata da yardarki kika bayar, in kuwa rance ne a faɗa tun farko.

Idan kuma abin ya kai ga an ce ku tashi, kada ki firgita ki fara ɗaure kaya. A dokokin yawancin jihohi, in babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biyan shekara kuma wata 6, sannan a ƙara ba shi na kwana 7 kafin a je kotu. Mai gidan haya ba shi da ikon cire rufi, ko ɓalle ƙofa, ko watso muku kaya waje sai da umurnin alƙali. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa ofishin hukumar gwamnati mai ba da taimakon lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976, ya tafi da rasit ɗinsa da takardar notis ɗin da aka ba shi.