Masallacin Ƙauyen Yama

A hutun bara na raka kakana ziyara Yama, wani ɗan ƙauye a jihar Tawa ta ƙasar Nijar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masallacinsu na Juma'a, wanda aka gina da tubalin ƙasa.

A shekarar 1962 dattawan garin suka ɗora wa wani magininsu, Falke Barmu, wannan aiki. Gayya aka yi. Wasu suna buga tubali, wasu suna ɗebo ruwa, wasu suna kawo itace. Daga 1975 ya sake rufin, ya yi tulluwa a tsakiya, ya ta da hasumiya huɗu, kowacce da kamanninta. Aka gama a 1982. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine.

To, amma ginin ƙasa sai da yaɓe. Kakana ya ce in aka yi sakaci damina biyu ko uku, ruwa zai zaizaye bangon. 'Yan'uwana ɗalibai, tsofaffin maginan ƙauyukanmu suna ƙarewa. In ba mu koya wurinsu yanzu ba, wa zai gyara soron kakanninmu gobe?